Kwana Tara Tsakanin Inna da Akwatin Zaɓe

Zuwa ga Mai Girma jami'in da aka ɗora wa alhakin shirya zaɓe a jiharmu, da kuma 'yan majalisar da dokar zaɓe ke fitowa daga hannunsu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, ina yi muku sannu da aiki, da kuma sannu da haƙuri da jama'a.

Ranka ya daɗe, sunana Lawali, malamin firamare ne ni a garin Anka. Asalina mutumin Tungar Ƙirya ne, wani ɗan ƙauye da ke bayan Adabka a ƙasar Bukkuyum, wanda yanzu babu kowa a cikinsa. A zaɓen da ya wuce ina cikin ma'aikatan wucin gadi da kuka ɗauka, ni ne mai duba sunaye a littafin rajista a wata rumfa a nan Anka. Na faɗi wannan tun da wuri ne don kada a ɗauka wani ɗan siyasa ne da ya sha kaye ya zo yana hayaniya. Ba ni da jam'iyya. Na zauna horonku, na sa rigarku, na bi dokarku har ƙarshenta, kuma abin da na tarar a ƙarshen nata shi ne zan ba ku labari. Na kai kokena ofis sau biyu, an karɓe ni da mutunci, an ce za a duba. Na san ma'anar “za a duba”, domin ni ma ina faɗa wa iyayen yara, shi ya sa na rubuto a fili.

Maganar a kan mahaifiyata ce, wadda muke kira Inna. Tana da katin zaɓe mai kyau, na gaskiya, da hotonta a jiki. Ranar zaɓe ta zo da ƙafarta, ta bi layi, amma ba ta jefa ƙuri'a ba, kuma ni ne na mayar da ita. Zan jero muku yadda aka kai ga haka.

Na farko, ku san wace ce. Tun da aka fara kai akwati Tungar Ƙirya, Inna ba ta taɓa fashin zaɓe ba. Rumfarmu tana gindin ƙiryar da garin ya ci sunanta. Takan riga kowa zuwa, ta dangwala, ta dawo gida tana kaffa-kaffa da tawadar da aka shafa mata a yatsa, har mata suna yi mata tsiya wai ta sami sabon lalle. Ba zan yi muku ƙarya in ce ta san manufar wata jam'iyya ba. Dalilinta ɗaya ne, ta sha faɗa: ranar ce kaɗai gwamnati ke takowa har Tunga, ta buɗe littafi, ta kira sunanta. Marigayi Baba ya yi shekaru yana lallaɓa ta ta gaya masa wa take zaɓa, har ya koma ga Allah bai ji ba.

Na biyu, yadda muka bar gida. Ba sai na ba ku labarin 'yan bindiga ba, kun fi ni jin rahoto. Abin da nake so ku lura da shi shi ne yadda mutane ke watsewa. Wanda zai gudu ba ya tsayawa duba iyakar ƙaramar hukuma. Inda yake da ɗa ko 'ya ko suruki can yake nufa. Mai garinmu da mutane da dama sun tafi Gummi, wasu kaɗan sun shiga garin Bukkuyum, iyayena kuma suka taho wurina Anka da abin da suka iya ɗauka a ka. Cikin abin da Inna ta ɗauro a bakin zanenta har da katinta da na Baba.

Na uku, maganar sauya rumfa. Doka ta ce mutum ba ya zaɓe sai a rumfar da sunansa yake, kuma wanda ya sauya wurin zama ya nemi a mayar da shi rumfar da ke kusa kafin a rufe rajista. Ban ga laifin wannan doka ba. A takarda an daɗe da buɗe rajistar, amma a wajenmu yau babu sabis, gobe hanya ba ta biyuwa, jibi mai na'urar yin rajistar bai samu zuwa ba. Lokacin da na'urar ta zauna da gindinta tana aiki, 'yan makonni ne suka rage. Duk da haka tun kafin nan na fara shirya iyayena. Da aka yi wa Inna bayanin abin da sauyin yake nufi, tambaya ɗaya ta yi: “In kunka maishe ni nan, sai a hidda sunana ga littahin Tunga?” Aka ce mata haka ne. Sai bayan kwana biyu ta aiko cewa ta yarda. Ku da kuke ofis za ku ga cike fom ne kawai. Ita kuwa a wurinta amincewa ce ta yi cewa ba lallai ta sake komawa gida ba.

Ana cikin jiran na'ura Baba ya kwanta. Tun da ya baro gonarsa bai sake samun kansa ba, kuma jinyar ba ta yi tsawo ba. Allah Ya jiƙansa. Inna ta shiga takaba.

Ranka ya daɗe, na san kun san takaba, amma dokarku ba ta san ta ba. Wata huɗu da kwana goma ne, ba ta ado, ba ta turare, ba ta fita. Shi kuwa sauyin rumfa, kamar yadda aka gaya mini a ofis, sai mai katin ya bayyana da kansa an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Na roƙa a karɓi katin daga hannuna, aka ce ba a wakilci. Na roƙa a turo wani gida, tafiyar da ba ta kai a hau babur ba, aka ce na'ura ba ta fita daga sakatariya. Ma'aikacin da na yi magana da shi mutumin kirki ne, har ya yi mini ta'aziyya. Shi ma abin da aka rubuta masa yake bi.

Don kada in ɓoye komai: na je wurin limaminmu, ya ce a shari'a mai takaba tana iya fita da rana idan akwai lalura, ta dawo ta kwana ɗakinta. Na sa matata Balkisu ta kai wa Inna wannan fatawa. Amsar da ta dawo da ita ita ce: “Shekara arba'in da wani abu ina gidanai, in kasa ba shi wata huɗu da kwana goma don takarda? Kuma a ɗauke ni hoto cikin takaba? Ku bari in hita, gwamnati ba ta gudu.” Wani zai ce taurin kai ne. Wataƙila. Amma haka matan ƙauyukanmu suke riƙe da abin, haka uwayensu suka yi, kuma ban ga ɗan da zai ja hannun uwarsa mai takaba ya kai ta layin sakatariya cikin maza ba.

Aka rufe rajista saura kwana tara Inna ta fita takaba. Na ƙirga da kaina, na sake ƙirgawa, tara ne. Ranar da ta fita, ta yi wanka, aka yi sadaka, washegari ta ɗauko katinta ta ce a kai ta. Balkisu ce ta gaya mata an rufe.

Na huɗu, inda aka kai akwatinmu. Da zaɓe ya matso, aka sanar a rediyo cewa rumfunan ƙauyukan da aka tasa an mayar da su cikin garin Bukkuyum. Niyyar mai kyau ce, na yaba. Sai dai ba a tambayi kowa ina mutanen Tungar Ƙirya suke ba. An duba takarda an ga Tunga a ƙasar Bukkuyum take, sai aka kai akwatin Bukkuyum, alhali yawancin masu akwatin suna Gummi da Anka. Ga kuma dokar hana zirga-zirga ranar zaɓe. Ke nan duk mai son ya jefa ƙuri'arsa sai ya kama hanya tun jajibiri, ya bi dajin da ya gudo daga cikinsa, ya nemi inda zai kwana a garin da ba shi da kowa. Inna ta ce za ta. Ni na hana, kuma ko yau aka sake ba zan ɗora tsohuwa mai ciwon gwiwa a wannan hanya ba. Wani ɗan garinmu da ya samu zuwa ya ce mini sun wuni a rumfar, su da ma'aikata, suna kallon juna, littafi cike da sunaye, layi kuwa babu. Ya ce har sunan Baba yana nan daram. Wato a wannan zaɓe da Baba da ke kabari da Inna da ke raye rabonsu ɗaya.

Na biyar, ranar zaɓen kanta. Kafin in faɗa sai na yi wa wanda ba ɗan ƙasar nan ba bayanin wani abu. Ni ne ɗan fari a wurin Inna. A al'adarmu uwa tana kunyar ɗanta na fari: ba ta kiran sunansa, ba ta zama hira da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye a gaban mutane. Tun da na yi wayo ban taɓa jin “Lawali” daga bakinta ba. Da ina yaro “wancan” nake, da na fara koyarwa na zama “malamin ga”. Ba ƙiyayya ba ce, ni na san irin son da take yi mini. Amma duk maganar da ke tsakaninmu sai ta bi ta hannun wani.

Sau uku na aika mata cewa katinta ba zai yi aiki a Anka ba. Da hantsi ina kan tebur ina duba sunaye, na ɗaga kai sai na hango ta a layin mata, Balkisu na bayanta. Daga baya Balkisu ta ce mini ta yi iya ƙoƙarinta, Inna ta ce akwati akwati ne, gwamnati kuma ɗaya ce, ba ta ji an ce akwai ta Bukkuyum daban da ta Anka ba. Layin yana tafiya a hankali. Na fi awa guda ina kallonta tana matsowa, ina kiran sunayen mutane ina yi musu alama, ban san abin da zan yi idan ta iso ba.

Ta iso. Ta ajiye katin a kan tebur, ta kawar da kai gefe kamar yadda ta saba. A kusa da ni akwai Malama Rahila, abokiyar aikina a makaranta, ita ke riƙe da na'urar tantancewa. Ba 'yar jihar nan ba ce, ba kuma Musulma ba ce, amma ta daɗe a Anka har ta san kan al'adunmu. Ta gaishe da Inna, ta gwada katin, na'ura ta nuna ba na wannan rumfa ba ne. Inna ta dube ta ta ce: “Ɗiyata, ki hwaɗa ma malamin ga shi duba littahi da kyau. Ni dai ban taɓa hwashi ba.”

Na san sunanta ba ya ciki. Littafin nan na bi shi shafi-shafi tun ranar da aka ba ni. Amma tunda ta ce in duba, na buɗe daga shafin farko, na bi da yatsa har na ƙarshe, jama'a na tsaye a rana suna jira, ba wanda ya yi ƙorafi. Wakilin wata jam'iyya ya matso ya ce mini a hankali: “Malam, Inna ta hwa. Ka ba ta takarda ta dangwala, mu ba mu gani ba.” Wakilin ɗaya jam'iyyar ya gyaɗa kai. Tun safe suke faɗa da juna a kan komai, har a kan benci, wannan ne kaɗai abin da suka yi ittifaƙi a kai.

Ban ba ta ba. Na yi rantsuwa a kan aikin nan, kuma kafin ita na mayar da wasu tsofaffi da katinsu irin nata, ba su da ɗa a kan tebur. Na rufe littafin, na ce wa Malama Rahila: “Ki gaya wa Inna sunanta ba ya nan.” Faɗin tebur ne kawai tsakanina da ita, ta ji ni sarai. Duk da haka Malama Rahila ta tashi daga kujerarta, ta zagayo, ta rusuna, ta maimaita mata. Inna ta ce “To, madalla.” Ta ɗauki katinta ta ɗaure a bakin zane. Ba ta tafi gida ba, ta koma gindin wani dogon yaro ta zauna tana kallon masu fitowa da tawada a yatsa, har aka yi azahar. Ni kuma na ci gaba da kiran sunaye. Zan faɗa sau ɗaya in wuce: ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan wuni ba, ko ranar da muka binne Baba.

Washegari da safe Balkisu ta kawo mini katin, ta ce Inna ta ce: “Ba shi shi aje. Tunda shi na hukuma, shi yas san ranad da za a buƙace shi.” Daga nan ba ta sake tayar da maganar ba. Ba ta yi fushi ba, ba ta daina sa mini albarka ta bakin Balkisu ba. Sai dai matar da a da ko kansila za a zaɓa sai ta kasa kunne a rediyo, yanzu da an fara maganar siyasa sai ta tashi ta je ta duba awaki. Kwanan baya da aka fara cewa za a sake buɗe rajista, na aika mata da murna. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambayi Balkisu ko an jiƙa gero.

Ranka ya daɗe, ban zargi kowa da mugunta ba. Duk wanda na haɗu da shi a wannan lamari, har da ni, abin da aka ce ya yi shi ya yi. Dokar ce aka ɗinka ta a kan mutumin da ke zaune gidansa lafiya, da waya mai sabis a hannu, ba a yi masa rasuwa ba. A ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum irin wannan mutum ya yi ƙaranci. A layinmu kaɗai, yau da nake rubutun nan, gida uku ake takaba, kuma duka ukun baƙi ne da aka taso daga ƙauye. Idan an buɗe rajista an rufe yadda aka yi a baya, su ma za su sami nasu kwana taran.

Saboda haka ga roƙona.

Ɗaya, a riƙa ƙirga wa'adin rajista daga ranar da na'ura ta fara aiki a wuri, ba daga ranar da aka yi sanarwa a birni ba, kuma kada wa'adin ya gaza tsawon takaba. Wadda ta shiga takaba ranar buɗewa ya kamata ta fito ta tarar da ƙofa a buɗe.

Biyu, a ware ma'aikata mata su riƙa shiga gida wurin masu takaba da tsofaffi da marasa lafiya. Wannan ba baƙon abu ba ne. Masu rigakafi gida-gida suke bi, har da alli suke rubutu a bango, kuma ba a taɓa cewa akwatinsu ba ya fita daga sakatariya ba. Idan mai takaba ba ta son sabon hoto, ga tsohon a jikin katinta, ga yatsunta.

Uku, wannan na 'yan majalisa ne. A yi tanadi a doka yadda wanda aka tasa daga garinsa zai jefa ƙuri'a a inda yake gudun hijira, a ƙirga ta a mazaɓarsa ta asali, ba tare da an cire sunansa daga littafin garinsu ba. Wanda ya fi kowa buƙatar ya zaɓi kansila da ciyaman na Bukkuyum shi ne wanda ke jiran su gyara masa hanyar komawa gida. Bai kamata a ce sai ya sallama garinsu sannan zai yi zaɓe ba.

Huɗu, kafin a ɗauke akwatin ƙauye a kai wani wuri, a tambayi mai garin ina mutanensa suke. Namu yana Gummi da ransa da lafiyarsa, kuma zai lissafa muku kowane gida da inda ya sauka ba tare da ya duba takarda ba.

Ban nemi a yi wa Inna alfarma ita kaɗai ba. Da alfarma nake so, da na karɓe ta ranar da wakilan jam'iyyu suka miƙo mini. Abin da nake so shi ne a gyara hanya, ta bi tare da sauran mata. Idan kun sake neman ma'aikata zan zo, domin aikin dole wani ya yi shi, kuma idan aka sake kawo mini katin da ba ya cikin littafi zan sake mayar da shi. Shi ya sa nake roƙonku tun yanzu, tun da sauran lokaci.

Katin yana aljihun rigata, tare da nawa. Inna ta tsufa, gwiwa ta ƙi, ban san zaɓe nawa ya rage mata ba. Ba zan mayar mata da shi in ce ta sake gwadawa ba sai na tabbata akwai littafin da za a buɗe a kira sunanta. Ita dai har yau ba ta tambaye shi ba, kuma wannan shirun ya fi damuna fiye da duk abin da na rubuta a sama.

Allah Ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku, Ya haɗa ku da mashawarta na gari, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa. Allah Ya jiƙan iyayenku da suka rigaya, Ya ƙara wa na raye lafiya, kuma kada Ya zaunar da ɗayanku a teburin da zai aika wa uwarsa cewa sunanta ba ya nan.

Wassalam.

Naku,
Lawali, malamin firamare a Anka,
ɗan Tungar Ƙirya, mai ajiyar katin Inna.